Ranar da Mai Girma Admin Ya Cire Lamba

Duk wanda ya zauna a sansanin 'yan gudun hijirar nan ya san cewa in ka ɗebe tankin ruwa, babu abu mai daraja kamar Mai Girma Admin. Wasu ma sun ce ya fi tankin, tunda shi ba ya ƙafewa.

Kafin rikici, gyaran takalma yake yi a bakin tasha. Ya baro gari da riga ɗaya da waya mai tsagaggen gilashi. Sai Allah ya nufa shi ne ya fara buɗe guruf ɗin cigiya a waya, inda ake tura hoto da murya: wa ya ga wane, wace hanya ce ba a tare ba, yaushe motar abinci za ta zo. Daga ranar ya daina amsa sallamar da ba a haɗa da muƙami ba.

Ofishinsa buhun yashi ne a bayan tantin asibiti, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Dokokinsa goma sha bakwai ne. Ta farko, a gaishe da Admin. Ta biyu, saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya. Nasa na safe minti ashirin ne, kuma yakan cinye cajin da mata suka yi layin awa uku a wurin sola kafin su samu.

"Jama'a," yakan ce, "ba don ni ba, da duniya ba ta san kuna raye ba. Manyan ƙungiyoyi suna bibiyata. Jiya ma wani daga ƙasar waje ya ɗaga mini babban yatsa."

Wata tsohuwa ta kawo hoton ɗanta da ya ɓace. Admin ya duba ya ce hoton ya yi dishi-dishi, zai zubar da martabar guruf. Sai ta wuce wurin Tela, wata mata mai keken ɗinki a layi na shida, wadda ta buɗe nata ɗan guruf ɗin ba doka ko ɗaya. Admin ya ce wannan taron tsintsiya ne ba shara.

Wata Laraba da hantsi, baƙuwar lamba ta shigo ta turo murya har minti huɗu. Admin ya saurari farkon, ya ji hucin iska, bai ji gaisuwa ba. Ya goge saƙon, ya cire lambar, ya fitar da sanarwa: "An kori wani mara tarbiyya. Gudun hijira ba hauka ba ne."

Ashe Tela ta riga ta sauke saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta tura a nata guruf ɗin. Wata mata ce daga sansanin ƙetaren kogi, da wayar aro, tana cigiyar ƙanenta mai gyaran takalma, wanda a gida ake kira Sarkin Kuka. Ta ce ba shi da wayo sosai, yana tsoron karnuka, duk wanda ya gan shi ya taimaka ya riƙa tuna masa da wanka.

Kafin azahar babu tantin da bai ji ba. Admin ne ya ji a ƙarshe, daga bakin mai gadin tanki. Wata bakwai ke nan yana zaton Yayarsa ta mutu a hanya. Ya tashi da gudu ba takalmi, ya durƙusa gaban keken Tela, don shi ya riga ya goge lambar. Tela ta kira, ta buɗe muryar wayar, mata suka kewaye su. Da ya ji muryar Yayarsa sai ya fashe da kuka, kuka na gaske, har ya tabbatar wa jama'a ba a banza aka raɗa masa sunan ba.

Da suka natsu, Yayar ta ce, "Ƙanena, akwai wani ɗan banza a wajenku da ya kore ni daga guruf ɗazu. Ka san shi?"

Admin ya share hawaye, ya dubi matan, ya gyara murya.

"Yaya," ya ce, "an kafa kwamitin bincike."