Wanda Aka Ce Ya Kai Kaset Nesa

Wani ne aka ɗauka aiki a kamfanin jigilar kaya da 'yata Kerubo take aiki, nan Nairobi. Ni ce mai kai musu shayi da mandazi, wato fankensu na nan, saboda haka a idona aka yi komai. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da iyali.

Kerubo ce ke kula da babbar kwamfutar kamfanin, wata ƙatuwa kamar an jera firji uku, a wani ɗaki mai sanyin da kullum nake cewa zai kwantar min da yarinya. Duk motar da za ta fita, da kayan da ke cikinta, da inda za ta, a cikin na'urar nan suke. Kowace Juma'a sai a kwafe komai a wani kaset da bai fi tafin hannu ba, a kai shi ɗakin ajiya a unguwar Westlands. Aikin mutumin ke nan, kai kaset.

Ranar farko ya ce, "Madam, me zai hana a bar shi a durowa?"

Kerubo ta ce, "In gobara ta cinye ginin nan fa? Ajiya sai nesa, inda ba abin da zai taɓa ta."

"Wato iya nisa, iya kwanciyar hankali?"

"Ka gane ke nan."

Har ya rubuta a hannunsa. Gabana ya faɗi, amma ni ko cokali ya faɗi gabana faɗuwa yake, sai na ja bakina.

Wata uku lafiya lau. Wata Litinin da safe, ina zuba madara, na ji na'ura ta yi wani kuka, ƙiiii, ta yi ɗif. Faifan da ke riƙe da bayanai ya mutu. Kafin ƙarfe tara manyan motoci sun yi layi har titi, direbobi na ta danna hon. Manaja, Mista Mutiso, ya sauko wuyansa duk jijiya.

"Kerubo! In na'urar nan ba ta tashi kafin yamma ba, ki kwashe kayanki, har da uwarki da butarta!"

Ni me na yi?

Kerubo ko a jikinta. Ta juya wajen mutumin. "Hau babur ka ɗauko min kaset ɗin Juma'ar da ta wuce. Minti ashirin."

Ya sosa ƙeya. "Madam, sai dai a ba ni kwana biyu."

"Westlands ɗin?"

"Ai na je Westlands ɗin nan sau ɗaya. Na leƙa ta taga, sai ga gininmu ina hangowa! Na ce wannan ai ba nisa ba ne, wasa ne."

"To ina kake kai su?"

Ya gyara kwalar riga. "Busia, wajen tsohuwata. Kowace Juma'a nake ba wa direban bas, tare da sukarinta. Taku kaɗan ka shiga Uganda. Wace gobara ce za ta bi su can?"

Na nemi kujera na rasa, na zauna a kan bokitin mandazi.

Kerubo ta ce, "Kira ta. Yanzu. Buɗe murya kowa ya ji."

Ya kira. Sai ga muryar tsohuwa, ga kukan kaji a bayanta.

"Mama, kuna lafiya? Ya ƙafar taki? Saniyar nan ta haihu?"

Mista Mutiso ya daki tebur. "Kaset!"

"Mama, 'yan akwatunan nan da nake aiko miki, suna nan?"

"Ɗan albarka! Allah ya ba ka mai yi maka! Ai da farko na rasa amfaninsu. Sai na fasa guda da taɓarya, na ga ashe zare ne a ciki, mai walƙiya, ka ja ka ja ba ya ƙarewa. Na ce kai, yaron nan ya tuna da tsuntsayen da ke cinye min dawa!"

Tsohuwa ta ci gaba:

"Guda ɗaya ya zagaye gonar sau huɗu. In iska ta kaɗa shi, ka ji fiii, fiii! Bana dawa ta yi kai kamar na jariri."

Kerubo ta matso kusa da wayar. "Kaka, ina kwana. Na Juma'ar nan da ta wuce fa?"

"Wace ce wannan? Matar da za ka kawo min ce? Muryarta da daɗi. 'Yata, wannan na ba matar fasto, gonarta ta fi tawa tsuntsu. Sauran matan coci ma sun rubuta suna. Ku riƙa aiko biyu-biyu."

Ni dai na fara lissafin komawa ƙauye. Sai Kerubo ta dafa ni. Ashe yarinyar nan ta gado ni wajen fargaba: ba ta taɓa yarda da kwafi ɗaya ba, kullum tana tura wani ta waya zuwa na'urar ofishinsu na Mombasa. Awa shida ana janyo shi, kamar ana tatsar sauro. Ƙarfe huɗu saura na'ura ta tashi, motoci suka fara fita, na raba mandazin da na zauna a kai, ba wanda ya yi ƙorafi.

Sai Mista Mutiso ya sa aka kira mutumin, a gaban kowa.

"Kai! Bayanan wata uku! Sirrin kamfani kaf, ka shanya shi a gona! Me aka ce maka ranar da ka zo?"

"An ce in kai inda ba abin da zai taɓa shi, Yallabai."

"To?"

"To ai ka ji da kunnenka. Ko tsuntsu bai taɓa shi ba!"