Sai Malam Ya Dawo

A wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Tiga akwai wata mai suyar kifi, Lantana, da ƙanenta Sallau. Sallau ba shi da mugunta, sai dai abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Tela ya koro shi, mai injin niƙa ya koro shi. Lantana ta gaji. Da ƙyar Malam Haladu mai ƙyanƙyasar tarwaɗa ya yarda ya ɗauke shi, ta kuma san in nan ma aka koro shi, ba ta da sauran wanda za ta roƙa.

Wata rana Malam ya nuna masa 'ya'yan kifi a baho, ya ce, "Kada rana ta taɓa su." Sallau ya ɗora bahon a ka, ya yini yana bin inuwa daga gindin dalbejiya zuwa bayan katanga. Kafin la'asar rabinsu sun fantsale a ƙasa, kaji sun samu nasu.

Wata rana Malam ya ce, "Raba manya da ƙanana, manyan na cinye su." Sallau ya ga duk biyun da ya haɗa, sai ɗaya ya ɗara ɗaya. Sai ya ba kowane kifi mazubinsa, har kwanon sha. Malam ya zo alwala ya tarar da tarwaɗa a buta. Lantana ta je ba da haƙuri, ko kallonta bai yi ba.

Wata rana injin jawo ruwa ya lalace, Malam zai shiga Kano nemo kayan gyara. Ya ce, "Kada ka ba su abinci sai na dawo." Yamma yake nufi, amma kayan suka ƙi samuwa, ya kwana, ya sake kwana. Lantana ta kawo wa Sallau tuwo, ta ga kifi na ta zarya a tanki da yunwa.

"Don Allah, Sallau, watsa musu ko kaɗan."

"Yaya, bai dawo ba."

Ta ajiye tuwon, ta zauna a bakin tankin.

Malam ya dawo yana tsoron an ji tausayin kifin an ciyar da su, don abinci a ruwan da ba a canjawa ruɓa shi yake yi, kifi su mutu. Ya leƙa. Sun rame, amma duk suna da rai. Ya ce, "Lantana, bar mini shi."

Ta sauke ajiyar zuciya. Sai a nan ta lura da kwanukan tuwonta a gefe, ba a ko buɗe su ba.

Sallau ya ce, "Yaya, ai ba zan iya ci suna kallona ba."