Ranar da Na Kai Farfesa Turken Shanu

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma ko na so in manta, abokan aikina ba za su bar ni ba.

A lokacin ina aiki a laburaren wata kwaleji a nan Kontagora. Ga wanda bai san aikinmu ba, kowane littafi yana da lambar da ake liƙa masa a ƙeya, wadda ke nuna fanninsa da kantar da zai zauna. Tun da aka kafa kwalejin, tsarin lamba zalla ake bi: addini ɗari biyu, tarihi ɗari tara, haka dai. Sai aka ce manyan makarantu duk sun koma tsarin haruffa, inda kowane fanni yake da harafinsa, ga shi kuma masu tantance kwasa-kwasai suna tafe. In suka ce laburare bai yi ba, ana iya hana wasu sassa ɗaukar ɗalibai.

Ni aka tura Minna koyon sabon tsarin. Kwas ɗin bai kai mako ba, amma na dawo ina tafiya kamar wanda ya yo digiri a ƙasar waje. (Jakar da aka raba mana a wurin, har ɗaurin aure nake zuwa da ita.) Shugabarmu, Madam Saratu, dattijuwa 'yar Kambari daga wajen Sahon Rami, ta danƙa mini aikin, ta kuma ce in na yi shi da kyau za ta rubuta a ba ni shugabancin sashen tsara littattafai. Shi ke nan, aka ba biri gona.

Da farko ina buɗe kowane littafi in duba abin da ke ciki. Da na ga littattafan sun ƙi ƙarewa, ga wuta tana ɗaukewa, ga zafi, sai na ƙirƙiro tawa dabarar. In kalli suna, in kalli hoton bango, in buga harafi. Har ina faɗa wa mutane cewa gwani ba ya buƙatar buɗe littafi, ƙanshinsa yake ji.

Cikin haka ne wani littafi ya zo hannuna, sunansa "Bijimi Cikin Garke", na wani I. A. Ɗantani. A bangon ga ƙaton farin sa mai tozo, ƙahoninsa sun yi sama. Na duba tsohuwar lambar, sai na ga an sa shi a sashen tarihin rayuwar mutane. Na yi dariya har da buga tebur. Wato mutanen da suka gabace mu sa suka ɗauka mutum! Na ɓanɓare tsohuwar lambar, na liƙa masa harafin kiwon dabbobi, na shigar a kwamfuta cewa littafi ne kan turka shanu da kula da lafiyarsu, na kai shi kanta na cusa tsakanin wani littafin cututtukan jakuna da wani na kiwon aladu. Sannan na ɗauki hotonsa na adana, don in nuna wa baƙi irin kurakuran da na gyara.

Ranar da masu tantancewa suka iso, na sha farar shadda da hula zanna. Jagoransu wani dattijo ne ƙato, mai kauri a wuya, mai murya kamar ganga. Kowa Farfesa Mashegu yake ce masa, da sunan garinsu, ni kuwa ban damu in ji sunansa na yanka ba. Aka cika ɗakin karatu: shugaban kwaleji, malamai, da ɗaliban da aka zaɓo masu tsabtar kaya. Aka tada janareto, na kunna majigi.

Bayanin ya fara lafiya lau. Na nuna yadda lamba ke komawa harafi, Farfesa yana gyaɗa kai. Da na tsaya nan, da yau ni ne shugaban sashe. Amma ina! Sai na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zan nuna maka irin ɓarnar da muka tarar."

Hoton farin sa ya cika bango.

Madam Saratu ta yi tari. Na ɗauka ƙurar littattafai ce. Ta zaro mini ido tana girgiza kai. Na ɗauka kishi ne, tunda a zamaninta aka yi kuskuren.

Na ce, "Wannan littafin shanu ne, amma shekara da shekaru yana zaune cikin tarihin manyan mutane. Ni na mayar da shi cikin 'yan uwansa dabbobi."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Malam, ka karanta shi kuwa?"

"Daga bango zuwa bango, ranka ya daɗe." (Ku lura, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.)

"To, yaya ka ga marubucin?"

"Gaskiya da gani ya daɗe cikin shanu. Sai dai ba shi da zurfin ilmi sosai, irin masu koyon abu a kasuwar shanu ta Mariga ne."

Na ji shugaban kwaleji ya ce "Inna lillahi" a hankali. Har a lokacin ban gane ba, na zaci janareto ne ya tsorata shi.

Farfesa ya ce, "Madalla. Wane babi ya fi burge ka?"

Na ɗaga kai sama kamar mai zaɓe cikin abubuwa masu yawa. Ni dai na san ba a littafin shanu ba tare da wannan batu ba, don haka na ce da ƙarfi, yadda na baya za su ji, "Babin dandaƙa, ranka ya daɗe. Ya yi bayanin yadda aka dandaƙe bijimin dalla-dalla."

Madam Saratu ta dafe kai ta ce, "Wayyo Yesu!"

Farfesa ya miƙe ya ce in kai shi wurin littafin. Na shige gaba, jama'a na biye, har kantar da na liƙa wa takarda da manyan haruffa: KIWON DABBOBI. Ya karanta sunan littafin da ke dama, ya karanta na hagu, ya zaro na tsakiya ya miƙo mini.

"Buɗe shafin farko."

Na buɗe. Ga hoton mutum cikin rigar jami'a, ƙato, mai kauri a wuya. Na kalli hoton, na kalli Farfesa. Na sake kallon hoton, ko Allah zai sa ya canza. A ƙasa an rubuta: Farfesa Isa Audu Ɗantani Mashegu. Ashe tarihin rayuwarsa ne, Bijimi kuwa kirarin da kakarsa take yi masa ne tun yana yaro.

Jama'a, na ji ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ko tsagewar ban roƙa ba, ramin gara ma ya ishe ni. Zufa ta jiƙa shaddar tun daga wuya har ƙugu. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Hoton ya yi kyau, ranka ya daɗe."

Can sai Malam Bawa na sashen aikin gona, wanda bai iya riƙe magana ba, ya ce, "Au, wannan ne littafin? Ɗalibaina sun yi ta aronsa a zangon nan, suna dawowa suna ƙorafi wai sun kai tsakiya ba su ga sa ko ɗaya ba."

Farfesa ya juya ya ce, "Sun kai tsakiya?"

"Wasu har ƙarshe, suna jiran shanun su fito."

Sai Farfesa ya fashe da dariya har yana dafa kanta. Ya ce tun da ya buga littafin, ko matarsa ba ta wuce babi na biyu ba. Ya share hawaye ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka samo mini masu karatu, na gode. Amma ka sanar da jama'a ba a dandaƙe ni ba, 'ya'yana suna nan da ransu."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a tashar mota.

Laburare ya tsallake, amma da sharaɗin a sake duba duk littafin da ya bi ta hannuna. Madam Saratu ta aje mini kujera a gaban teburinta, ta ce, "Ɗana, zauna nan. Ɗaya bayan ɗaya, kana karanta mini gabatarwa da babbar murya." Haka muka kwashe sauran zangon. A nan muka tsinto littafin waƙoƙin soyayya a sashen ciwon zuciya, da wani na nasihar zaman aure a sashen dabarun yaƙi. (Wannan na biyun, Malam Bawa ya ce a bar shi inda yake.)

Shugabancin sashe kuwa, wani aka ba. Ni sarauta na samu, don har yau daga mai gadi zuwa masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa, Sarkin Turke suke kira na. Wani lokaci in na ratsa ta gaban aji, sai in ji wani ɗalibi daga baya ya yi kukan sa, in na waiga kowa ya duƙufa yana rubutu.

Abin da na koya? Ƙarya ɗaya kunya ce, amma in aka tambaye ka babin da ya fi burge ka, to Allah ne ya ba ka ƙofar tuba, ka bi ta da gudu. Yanzu ko katin biki aka miƙo mini, sai na karanta shi har sunan maɗaba'a kafin in ce Allah ya sanya alheri, kada ya zama na sadakar bakwai ne.