Garmar Surukina

Ranar bikin ƙanwar matata a Kangire, 'yan hoto, masu wasan garma, suna tsakiyar rawa, suna cilla garma sama suna cafewa. Ni da zaman ofis a Birnin Kudu ya tara wa tumbi, sai na ji bakina yana cewa, "Wannan ai wasan yarintarmu ne."

Sai surukina ya aika aka ɗauko garmarsa, wadda ya gada wurin mahaifinsa.

Makaɗi ya wasa ni, kaina ya kumbura. Na juya, na durƙusa, na cilla ta iya ƙarfina. Na buɗe hannuwa ina murmushi, ina jira. Kiɗa ya tsaya, ina nan ina jira. Ashe ta maƙale can saman tsamiya, gefen kogon da zuma suka tare, inda ba mai hawa.

Surukina ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Har yau da garmar aro yake noma. Ni kuwa tawa ta ƙare a garin nan. Ko gaisuwar mutuwa na je, ana shafa fatiha sai wani ya matso ya raɗa mini, "Malam, ta sauko?"