Iskar da Na Raba wa Surukai

Aikin nutso nake yi a Legas, kuma ko hutu na zo Boɗinga ba na rabuwa da 'yar kwalbar iska, wadda mai nutso ke zuƙa idan babbar tukunyarsa ta ƙare a ƙarƙashin ruwa.

Da injin ban-ruwan surukina ya faɗa madatsar Shagari, na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Zan nutsa da numfashina in ɗaura masa igiya, kwalba tana ƙugu saboda tsaro. Na tsaya bakin ruwa ina bayani kamar mai wa'azi. Baba, surukin nawa, ya ce, "Ashe iska ma ana ɗura ta? Miƙo in ji." Wa zai hana suruki? Ya zuƙa, ya miƙa wa ƙanensa, ta zagaye dattawa kamar goron ɗaurin aure, ni kuwa sai murmushi nake.

A ƙasa igiya ta harɗe mini ƙafa. Cikin natsuwar ƙwararre na kai kwalba baki, na zuƙa. Babu komai. Baba ne ya ga igiya na fizga, ya faɗa ruwa da taguwarsa ya jawo ni. Yana shafa bayana yana cewa, "Numfasa, ɗana. Wagga iskar Allah ta, ba ta ƙarewa."

Har yau in zan koma Legas, surukata takan hura iska cikin tsohuwar kwalbar man gyaɗa, ta toshe, ta miƙa wa matata. "Sa mishi cikin kaya. Ki ce kada shi ba kowa."