Biskit ɗin Turkiyya da Injin Barkono

Da surukata za ta zo Onitsha daga Kano, na ce lallai sai ta ci fiza irin ta Turkiyya da biskit ɗin almon, yadda na gani a waya. Maƙwabciyata ta ce, "Maman Hafsa, daka almon ɗin nan a turmi mana." Na ce abincin Turkiyya ya fi ƙarfin turmi. Na hau okada na kai injin niƙa a kasuwar Ose, inda tun safe barkono ake niƙawa.

Fizar ta yi kyau. Biskit kuwa ko ɗanɗanawa ban yi ba. Hajiya surukata ta gatsi ɗaya, sai ga hawaye. Ta kurɓi ruwa, ta ce, "'Yar nan, haka Turkawa suke shan wahala?"

Har yau in yaji ya ƙare a gidanmu, sai maigida ya ce, "Ba sauran biskit?"