Mustashar Munzali da Harajin Amurka

A duk unguwar Hindawiyya ta Jidda babu masanin duniya kamar Munzali mai turare. Shi ya raɗa wa kansa suna Mustashar, wato babban mai ba da shawara, unguwa kuma ta karɓa don a zauna lafiya. Ko kuɗin tumatir ka tambaye shi, sai ya faro maka daga tattalin arzikin Turai.

Rannan ɗan ƙanwarsa Talal, mai aiki a Amurka, ya ambata masa a waya cewa a can gwamnati na rage wa mutum haraji in ɗansa na jami'a. Mustashar bai tsaya jin ƙarshen zance ba, manya ba sa buƙata. Ai shi ma 'yarsa Shaima tana kwalejin kuɗi a Jidda!

"Ya jama'a, na cancanta!" in ji shi a ƙofar shago, yana kaɗa yatsa. "Ilimi ba ruwansa da iyakar ƙasa. Duk uban da ya kai 'yarsa kulliya, wato kwaleji, Amurka na sane da shi. Halas, magana ta ƙare!"

Kuɗin zangon Shaima na nan a ajiye, ranar Alhamis ake rufe biya, wanda bai biya ba sai baɗi. Amma Mustashar ya ga ƙasƙanci ne ya biya abin da Amurka za ta biya. Ya kwashe su ya kama gidan biki a bayan gari, ya sa aka dafa shinkafar mandi da raguna, ya sayi alkyabba mai bakin zinariya. Ranar walima har tafiyarsa ta canza, mabruk da barka kawai yake karɓa hagu da dama.

Ana tsakar ci ya haɗa wayarsa da ƙatuwar talabijin, ya kira Talal don duniya ta shaida.

"Faɗa musu, yaushe kuɗina za su iso?"

Talal ya ce, "Kawu, ka taɓa biyan haraji a Amurka?"

"Ni? A'uzubillahi! Ko riyal ɗina ba su taɓa gani ba!" Ya dubi jama'a yana jiran tafi.

"To me za su rage maka? Ai mai biya a nan ake rage wa."

Kafin Mustashar ya nemo amsa, saƙo ya faɗo a talabijin ɗin, manyan haruffa, kowa na karantawa. Shaima ce daga ɓangaren mata: "Baba, ka biya kuwa? Sun ce sunana bai fito ba."

Baƙi kuwa suka ƙara saurin loma, kada a zo a ce a mayar da naman.